Fitilar Ba Ta Mutu Ba

Litinin, da hantsi

Zannuwan gadon masaukin baƙi sun tashi aiki. Farare tas na karɓo su, na jiƙa, na cuɗa, na ɗauraye, ina shanyawa sai ga su sun koma kalar ruwan shayi, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na sake wankewa da sabon sabulu, abin ya ƙara muni. Ni da nake wankau tun ban gama wayo ba, yau ni ce zan tsaya gaban manajan masauki ina kame-kame. Raina a ɓace yake. Shi ya sa na ɗauko littafin nan, don idan na buɗe baki a gidan nan yau sai an jiyo mu daga bakin titi.

Ba sabulu ba ne, ba hannuna ba ne. Ruwan rijiyarmu ne. Rijiyar da Baba ya haƙa da hannunsa tun kafin a haife ni, wadda duk layin nan ke zuwa roƙon ruwanta idan tasu ta ƙafe. Baba mahaƙin rijiya ne, ko in ce a da, don yanzu ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Rabin rijiyoyin unguwar nan aikinsa ne, amma wannan ita ce 'yar lelensa. Ko mu da ya haifa ba ya yabonmu yadda yake yabonta.

Abin ba ya bukatar dogon bincike. Bayan katangarmu akwai tsohon kududdufi, inda aka ɗebi ƙasar ginin unguwa. A ranin da ya wuce aka cike shi da dusar kamfanin takarda. Dusa muke ce mata, amma wata laka ce toka-toka, ragowar abin da injinansu suka tauna suka tofar, kamar takardar da aka jiƙa aka kirɓa. Kyauta kamfanin ke bayarwa. Da ta bushe ta yi tauri har ana shanya a kanta, kowa na murna sauro ya yi ƙaura. Yanzu damina ta sauka, ta jiƙe sharkaf, tana tsatsar wani baƙin ruwa da ke nutsewa cikin ƙasa. Ina zai dosa in ba inda sauran ruwa yake ba?

Tifa ce ta yi ta sawu tana juye ta. Yayana direban tifa ne a kamfanin. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Laraba, da la'asar

Baba ya sa na ɗebo masa a kofi. Ya shinshina, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. Na kasa kunne in ji ya ambaci kududdufi. Ina! Wai wani abu ne ya faɗa ciki ya mutu, ko ɓera ko ƙadangare, rijiya yasa kawai take so: a kwashe ruwan duka, a kankare gindinta, sabo ya ɓuɓɓugo. Na ce masa ai rijiyar Mai Kaji maƙwabciyarmu ma haka take wari, ta gidan kafinta ma haka, ko ɓerayen gari ne suka yi shawara suka faɗa rijiya rana ɗaya? Ya ce in rage baki.

Sannan ya faɗi abin da ya hana ni cin abinci.

"Uwata, ni zan shiga da kaina. Babu wanda ya san cikinta kamar ni."

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, kuma idan ya kira ni haka a hankali, to ya riga ya yanke shawara. Mutumin da sai ya dafa bango yake kai kansa bayi. Na ce wallahi sai dai ya bi ta kaina. Ya yi dariya, ya ce ai ba ni da tsawo, tsallake ni ba wuya.

Alhamis, da sassafe

Hon a ƙofar gida, pim-pim. Tun da Yaya ya fara tuƙi haka yake yi idan ya biyo, wai a buɗe wa babban baƙo. Yau jarkokin ruwa ya sauke daga famfon bakin kasuwa, ya jera su a tsakar gida, ya ce, "Alƙaliya, an tashi lafiya?" Tun muna yara yake ce mini Alƙaliya. Ban amsa ba. Na ɗauki jarka guda dai, don ba ruwan ne ya yi mini laifi ba.

Asabar, bayan azahar

Yaya ya ɗauko masu yasa da injin jan ruwa, don dai Baba ya haƙura. Tun safe injin ke ruri, baƙin ruwa na kwarara ta magudana, duk layi ya toshe hanci. Da ruwan ya ja baya babbansu ya leƙa, ya ɗago yana tari, ya ce shi ba zai sa yaransa a ramin nan ba ko da me za a ba shi. Suka naɗe mesarsu suka tafi.

Kafin rana ta karkata ruwa ya dawo. Ya fi na da baƙi, har da wata kumfa a kai. Baba ya ce ai dole, tunda ba a kankare gindi ba, masu yasan zamani daga sama suke aiki kamar masu leƙen tukunya. Ya ce a kira su gobe su sake. Za su sake, Yaya ya ce.

Kajin Mai Kaji sun fara mutuwa. Ita ce fa ta fara rangaɗa godiya ranar da aka cike kududdufi, har kejin kaji ta kafa a kai. Yau ta tsaya jikin katanga tana ɗaga murya don mu ji, wai wasu sun sayar da unguwa don a ce suna da kirki a wurin aiki. Na ajiye bokiti na fita na wanke ta tas. Na tuna mata wa ya bi motar har ƙofar gida yana roƙon a ƙara masa sawu ɗaya ta gefen kejinsa. Ta shige tana ƙunƙuni.

Kada wani ya ɗauka na huce. Tsakanina da Yaya ne, ba da 'yan layi ba.

Lahadi, da yamma

An sake yasa. Ya ƙara baƙi.

Litinin, da la'asar

Na je kamfanin. Na cika kwalba da ruwan rijiya na sa a jaka, na tsaya a bakin get tun safe har rana ta take. Ta cikin wayar shinge ina hango dusar jibge tuli-tuli sun fi rufin ɗaki tsawo, tana tururi, tifofi na shiga suna fita. Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani mai farar hular kwano. Farar Kwano na sa masa suna. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan gora mai sanyi, ya kira ni Hajiya. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Wai dusar itace ce da takarda kawai, ko akuya za ta iya ci. Wai su kamfani ba sa zubar da komai a unguwa, suna da filinsu can bayan gari inda aka umarci direbobi su kai. Idan jama'a suka roƙi direba ya taimaka musu da cikon rami, wannan tsakaninsu ne. Ji wani rainin hankali. Filin da ko hanya babu, da damina tifa ba ta iya shiga, ga shi suna tsaye a kan direbobi sai an share harabar kafin yamma. Ina suke zaton ana kai ta, sama? Sun sani sarai. Sun dai iya kawar da kai.

Na fito da kwalbata na dire masa a kan tebur, na ce tunda akuya na iya ci, shi ma bismillah. Ya yi murmushi, ya matsar da ita da bakin biro. Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi, ko zan iya gaya masa wane direba ne ya zuba a bayan gidanmu, don a ɗauki mataki.

Sunan Yaya yake so in faɗa. Na ɗauki kwalbata na fito. Duk hanya ina tsine masa, ina tsine wa get ɗinsu, ina tsine wa wanda ya sa na kasa magana.

Talata, da safe

Pim-pim. Jarkoki. "Alƙaliya, an tashi lafiya?" Ban amsa ba.

Alhamis, da azahar

Malamar duba-gari ta zo, wata matashiya da takalmin roba har gwiwa. Ta zagaya kududdufi, ta leƙa rijiyarmu da gefen mayafi a hanci, ta ɗebi ruwa a ƙananan kwalabe. Da ta ji an yashe har ana shirin ƙarawa sai ta riƙe baki. Ta ce mu daina, duk ruwan da muka janye, na ramin dusa muke jawowa ya maye gurbinsa, shi ya sa yake ƙara baƙi. Wato da hannunmu muke kiran abin, da injin haya. Sannan ta ce kada kowa ya kuskura ya shiga, akwai muguwar iska a ƙasa.

Baba na zaune a kan tabarma yana ji. Ya sa matar Yaya ta ɗauko masa tsohuwar fitilarsa ta kananzir da zare. Ya kunna da kansa, da lalube. Ƙa'idarsu ce ta mahaƙa: kafin mutum ya shiga rijiya sai ya zura fitila. In ta mutu, babu iskar shaƙa, kada ka shiga. In tana ci, sauka abinka. Tun yana saurayi da ita yake aiki, kuma bai taɓa rasa ko mutum ɗaya a rami ba, kullum sai ya faɗa.

Ya zura ta a hankali har dab da ruwa. Idonsa ba ya kaiwa can, sai ya tambayi matar Yaya ko tana ci. Baiwar Allah ta leƙa, ta sunkuyar da kai, ta ce tana ci, Baba. Ni ma na leƙa. Tana ci, ko kaɗawa ba ta yi.

Malamar ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, wannan iskar ba ta kashe fitila. Mutum take kashewa. Kuma idan ta yi yawa, hanci ma daina jin warinta yake yi."

Baba ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya ce Allah ya ƙara ilimi. Tana fita ya ce yarinya ce mai tarbiyya, sai dai ba ta taɓa sa ƙafa a rijiya ba.

Ita ma haushinta nake ji. Ta faɗi gaskiya, ta tattara kwalabenta, ta ce sai sakamako ya fito. Yaushe? Ba ta sani ba. Kududdufi fa, wa zai kwashe? Ba hurumin ofishinsu ba ne. Ta bar ni da tsoho da fitila.

Na ɗauke doguwar igiyar Baba na cusa ƙarƙashin gadona. Matar Yaya kaɗai ta gan ni.

Juma'a, da la'asar

Na dawo daga shanya na tarar da Yaya durƙushe a bakin rijiya yana ɗaura wa murfin kwaɗo. Ban yi niyyar magana ba, bakin ne ya kufce. Na ce yanzu ne ya san a rufe? Na ce masa duk abin da na tara. Cewa ya ɗauko ƙazantar mutane ya jibge wa ubansa a bayan ɗaki. Cewa ko jaki aka ɗora wa kaya mai wari sai ya tirje. Na ce hancinsa hutu ya tafi lokacin da yake juyewa?

Bai ɗago ba. Ya ce katangar baya kududdufin ke ci, Baba da kansa ya yi ta kukan haka, dattawan layi suka same shi har gida. Ya ce a kamfani an gaya musu ba ta da illa, shi da ƙafarsa yake shiga cikinta kullum. Ya ce da ya sani, da motar ya ƙone gaba ɗaya. Muryarsa ta yi wani iri, amma ban bari ta shige ni ba.

Ya danna kwaɗon, ya sa makulli a aljihu, ya miƙe.

"Ki bar mini Baba, Alƙaliya. Ni na jawo, ni zan ɗauka."

"Ka fara ɗauke dusarka tukuna."

Ya fita.

Baba ya ji ƙarar kwaɗon. Ya lalubo ya shafa shi, ya daɗe yana shafawa. Ya ce a gidansa, rijiyar da ya haƙa, yau an kulle masa kamar ɓarawo. Tun daga nan bai sake yi wa Yaya magana ba. Gidan ya zama kowa na gaba da kowa, matar Yaya ce kaɗai ke yawo tsakaninmu da kwanukan abinci.

Lahadi, da hantsi

Baba ba ya shan ruwan jarka sai an yi da gaske. Wai warin roba yake yi. Ya kurɓa kaɗan ya ture. Leɓensa duk ya bushe. Yini yake a bakin rijiya, hannu a kan murfi, kamar mai jinya.

Ɗazu na same shi yana goge daginsa, dogon ƙarfen da yake haƙa da shi. Na ce na mene ne? Ya ce tsatsa ce ta kama shi, ko shi ma an hana?

Ruwan sama ya sake sauka. Bayan katanga dusar ta kumbura, ta tsage, baƙin ruwa na tsaye a cikin tsagogin. Farar Kwano na can yana shan ruwan gora.

Litinin, da yamma

Baba ya ce warin ya ragu. Ya sa hanci a gefen murfi ya ce in zo in ji, rijiya ta fara warkewa, saura a kankare gindi kawai. Na tuna masa abin da malamar ta ce game da hanci. Ya ce to.

Baba ba ya cewa to haka da sauƙi.

Talata, da asuba

Manaja ya ba ni dama ta ƙarshe, sababbin zannuwa, a famfon kasuwa zan wanke su. Igiya na nan ƙarƙashin gado, kwaɗo na nan. Na ja wa matar Yaya kunne ta sa ido a kan Baba. Zan fita yanzu kafin mai hon ya iso, ba na son gaisuwarsa.

Talata, da yamma

Asibiti.

Laraba

Mutane sun cika gida. Tabarmi ba su isa ba, an aro na gidan kafinta.

Juma'a

Kowa sai ya ce in yi haƙuri. In yi haƙuri da wa?

Lahadi, da hantsi

An sallamo Baba. Muryarsa ta dishe. Zan rubuta abin sau ɗaya, yadda aka gaya mini, ba zan sake ba.

Ina fita ya kira matar Yaya, ya ce ta ɗauko masa igiyarsa. Ta ce ba ta san inda take ba. Ya ce, 'yata, ni za ki yi wa ƙarya? Yarinyar da ko ido ba ta iya haɗawa da surukinta. Ta shiga ɗakina ta ɗauko tana kuka. Ya ɓalle kwaɗon da dagi. Ya kunna fitila ya zura, ya tambaye ta, ta ce tana ci. Ya ɗaure igiya a gindin bishiya, ya kama ta, ya bi ramukan taka ƙafa da shi ya sassaƙa a jikin rijiyar tun yana da ƙarfinsa. Ta ce har yana yi mata wasa daga ciki, wai ta ɗora shayi. Daga nan ta ji faɗuwa a ruwa, ta kira, shiru.

Ihunta ya yi daidai da hon a ƙofa.

Kafinta ya ce ya riƙe Yaya ta baya, ya ce ya jira a nemo masu kashe gobara. Yaya ya fizge, ya ce ubansa ne a ciki. Ya bi igiyar ya sauka. Igiya ɗaya ce a gidan. Ya ɗaure Baba da ita ta ƙarƙashin hammata, ya ɗaga murya ya ce su ja. Suka ja, kafinta da mijin Mai Kaji da duk wanda ya shigo. Suka fito da Baba, suka kwance, suka sake jefa igiyar.

Babu wanda ya kama.

Suka yi ta kira. Kafinta ya ce yana hango fitilar rataye a zarenta kusa da shi, tana ci.

Ni ina famfo ina murza zannuwan mutane. Sun fita fes.

Talata, da la'asar

Matar Yaya ba ta magana. Danginta sun so tafiya da ita, ta ƙi. Jiya ta durƙusa a gabana za ta fara ba ni haƙuri a kan igiya, na ɗaga ta. Na ce idan na sake jin maganar igiya a bakinta sai mun ɓata. Ba ita ta tara dusa ba.

Mai Kaji ta aiko da abinci. Na karɓa. Ba ni da ƙarfin mayarwa.

Baba wani lokaci ya san abin da ya faru, wani lokaci bai sani ba. Likita ya ce iskar ce ta taɓa shi, mai yiwuwa ya dawo daidai, mai yiwuwa a'a. Idan ya sani sai ya juya fuska bango. Ɗazu ina ba shi ruwa ya riƙe hannuna.

"Uwata, fitilar ba ta mutu ba. Na tambaya, an ce tana ci."

Na ce na sani, Baba. Ya sake faɗa. Na sake cewa na sani. Na so in yi masa ihu, in ce an gaya maka, a gabana aka durƙusa aka gaya maka. Na haɗiye. Ya shanye ruwan jarkar duka, bai ce warin roba ba.

Alhamis, da azahar

Farar Kwano ya zo gaisuwa. Ya cire hular, ashe sanƙo gare shi. Ya zo da katan-katan na ruwan gora, aka jibge a zaure. Ya ce Yaya haziƙin ma'aikaci ne, kamfani ya yi babban rashi. Ya ce sun ji duba-gari ta ba da umarnin a cike rijiyar, to kamfani a shirye yake ya taimaka da abin ciko, kyauta, ko yau aka ce.

Na tambaye shi da me za su cike ta. Da dusa?

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ya kwashe ruwansa ya fita. Dattawa na ta cewa haba, haba, baƙo ne. Na ce baƙon da ya aiko mana da mutuwa a tifa ya biyo ta da ruwan gora. Na fara jifa da katan ɗin waje ɗaya bayan ɗaya, gorunan na gangarawa cikin kwata. Ya fita da baya-baya. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi wa kafinta raɗa. Ashe makullin motar yake tambaya, tun ranar tana tsaye a layinmu.

A aljihun wandon Yaya yake, tare da makullin kwaɗo. Matar Yaya ta ciro ta miƙa. Na riƙe na kwaɗon.

Asabar, da yamma

Mun cike rijiyar. Jar ƙasa muka sayo daga wurin masu bulo, muka yi ta ɗauka a kwanon sarki, ni da kafinta da maƙwabta. Na ce kada tifa ta shigo layin nan da sunan taimako. Baba ya sa aka zaunar da shi kusa. Yana jin ƙasa na faɗa wa ruwa, tun ana jin ƙarar daga nesa har ta matso, har ta daina. Bai yi kuka ba. Ya tambaya ko an ciro fitilarsa. Na ce a'a.

Sakamakon malamar ya fito, an manna a ofishinsu: kada a sha, kada a yi wanka, rijiyoyin layinmu duka. Kududdufi na nan yadda yake. Wai ana tattaunawa.

Litinin, da safe

Ina shara a tsakar gida, wurin da ƙasar ta ɗan lotsa, sai na ji tifar. Na san kukan injinta tun daga kwanar masallaci. Kajin Mai Kaji da suka rage ne suka tare hanya, direban ya danna musu hon. Pim-pim.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Matar Yaya ta fito daga ɗaki da gudu, ta tsaya cak a tsakar gida.

Wani ne a ciki, ban san shi ba. An ce mutanen unguwar gaba suna da wani kududdufi a bayan makaranta da sauro ya dame su, sun roƙa, an amsa musu. Yau zan je can, ko za su jefe ni sai na faɗa musu. Mayafina nake nema sai Baba ya yi kira daga ɗaki, da muryarsa ta da, tas.

"Uwata, buɗe wa yayanki ƙofa. Kuma ki amsa masa gaisuwa yau, fushin ya isa haka."

Na je na buɗe. Motar ta riga ta sha kwana, bayanta cike da dusa.